Hatimin da Malam Muntaka Ya Ƙi Bugawa

Kafin mata su gama zuba wa awaki dusa, Malam Muntaka ya riga ya ɗaure kular ƙanƙararsa a bayan babur. Babur ɗin nan ya tsufa har ba a gane launinsa, in ya taso daga ƙofar gida har masu shayin bakin tasha sun san malamin dabbobi ya fito. Mayanka yake fara zuwa. Ya duba huhu, ya tsaga hanta, ya shinshina abin da bai yarda da shi ba, sannan ya ciro hatimi daga aljihu ya buga wa naman da ya tsira. Daga nan sai ya bi burtali tsakanin gonakin gero da gyaɗa, gida gida, duk inda aka ce tunkiya ta ƙi cin abinci ko saniya ta kwanta. Haka muka tashi muka gan shi a garinmu, nan ƙasar Makoda, har ranar da ya ajiye aiki a bana.

Mutum ne mai wahalar sha'ani, wannan kam ba za a ɓoye ba. Ka je masa ka ce, "Malam, a ba ni allurar akuya," sai ya dubi bayanka ya ce, "Ina akuyar?" Ba ya ƙulla wa kowa magani a leda. Sai ya ga dabbar da idonsa, ya zagaya ƙirjinta da igiyar awo don ya san nauyinta, ya zuƙi daidai abin da ya kamata. In ya zare allura kuma, ga karatun da muka haddace tun muna yara: kada a sha nononta, kada a yanka ta, sai kwanakin da ke jikin kwalba sun cika, domin maganin yana nan a jikinta. Ranar kasuwa kuwa ga mai faranti, mai tallan maganin dabbobi, a gindin darbejiya, kwalabe jere a rana, ba ya tambayar kowa komai. Ka nuna, ya miƙo. To wa zai tsaya jiran Muntaka da igiyarsa? Da yawanmu can muka koma, muna cewa Malam ya cika ƙa'ida.

Amma in abu ya ɓaci, ƙofar Muntaka ake bugawa. Shekarar da annoba ta share kajin gari, shi ya bi soro soro yana sallama, yana ɗiga wa kaji rigakafi a ido, ƙanƙara na narkewa yana tseren kada maganin ya lalace. Inna Asama'u ta unguwar gabas har yanzu tana ba da labarin saniyarta da maraƙi ya gitta a ciki. Ta ce a cikin ruwan sama ya tuɓe riga ya durƙusa a taɓo, bai tashi ba sai da uwa da ɗa suka miƙe. Kai ne, Malam, mai hannun da ba ya rawa. Kai ne wanda kwalba ba ta wuce wa'adinta a jakarka, ko da za a ce saura ɗigo ɗaya a garin. Mun san wannan duka, kuma bai hana mu yi maka abin da muka yi ba.

Yana da amini, Sammani mahauci. Tare suka yi makarantar allo, tare aka yi musu kaciya. Sammani na kiransa likitan jakai, shi kuma yana kiran Sammani ajalin tumaki. Kullum in an gama duba nama, a kan benci ɗaya suke shan koko, suna tsokanar juna har masu fiɗa su ajiye wuƙa don dariya. Muntaka ba mai tara abokai ba ne. In ka cire Sammani, babu wanda yake sakin jiki da shi a faɗin garin.

Wata shekara, farkon damina, bijimin huɗar wani manomi, Ja'afaru, ya kwanta. Ja'afaru bai kira Malam ba. Ya sayo kwalba a faranti ya dinga danna wa bijimin allura safe da yamma, da ya ga bai tashi ba sai ya ninka. Da numfashi ya fara sarƙewa, aka yi abin da muka gada: a hanzarta da wuƙa kada dabba ta yi mushe. Aka kira Sammani, ya zuba jarinsa ya saya, ya yanka da sassafe, kuma ranar kasuwa ce. Muntaka ya iso mayanka, ya sa wuƙa a cinya. Naman ya yi rawaya har ƙashi, warin magani ya buso. Ya duba ɗaya cinyar da wuya, duk haka suke.

"Sammani, wannan naman ba zai fita ba."

Sammani ya yi dariya, a zatonsa tsokanar kullum ce. "Kai dai buga hatiminka, koko na hucewa. In cinyar ce ba ka so, a yanke ta a jefar."

"Ba a cinya kaɗai yake ba. Ya bi jini, yana ko'ina."

"Muntaka, da hannuna na yanka shi, da bisimilla, yana shure-shure. Ko mushe kake ce masa?"

"Ban ce mushe ba ne. Yankanka ya yi. Amma mai ciki za ta ci, yara za su sha romonsa. Ba zan buga ba."

Mahauta da yaran aikin Sammani suka kewaye su. Kowa na faɗin abu ɗaya: tunda wuƙa ta riga mutuwa, halal ne, me kuma ya rage? A wurinmu tambayar nama ke nan tun kaka da kakanni, an yanka ko ba a yanka ba. Ba mu da gurbin nama mai kyawun yanka wanda kuma ba ya ciwuwa. Sammani ya rage murya ya ce, "Don zumuncin da ke tsakaninmu, ka rufa min asiri." Shi kuwa Muntaka, da hayaniya ta yi masa yawa, sai ya ɗaga tasa muryar a gaban kowa ya ce, "Ko ubana ne ya yanka, rami za shi." Aka haƙa rami a bayan mayanka, aka binne bijimin.

Tun daga ranar Sammani bai sake amsa sallamarsa ba. Sammani ya daɗe bai farfaɗo daga asarar ba, sai da ya koma fiɗar awakin wasu kafin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Mahauta suka haɗa baki, babu mai sayar wa gidan Malam ko tsoka. Matarsa Zulfa sai ta ba da saƙo ga masu zuwa kasuwar wani gari kafin miyarta ta ga nama. Mu kuma muka yi shiru, wasunmu ma suna cewa mutumin da bai raga wa amininsa ba, wa zai ragawa? Mai faranti bai rasa gindin darbejiyarsa ba ko na yini ɗaya. Muntaka ya ci gaba da zuwa mayanka kullum, ya duba naman Sammani kamar na kowa, ya buga masa hatimi, ya yi sallama, ya ji shiru, ya hau babur. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, gemunsu ya yi fari. Muntaka ya aika dattawa wurin Sammani, bai samu amsa ba. Ya sha faɗa wa Zulfa cewa in ya ajiye aiki, hatimi ya bar aljihunsa, zai je ya zauna a zauren Sammani har sai an kore shi ko an gaishe shi.

Saura kaɗan Muntaka ya ajiye aikin, Sammani ya rasu bayan gajeren zazzaɓi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Muntaka ya je gaisuwa ranar uku, ya tsaya daga ƙofa. Indo, matar marigayin, ta aiko a shigo da shi. Matan da ke wurin ne suka ba mu labarin. Ta ce, "Malam, akwai abin da ban ga amfanin riƙewa ba. Tun ranar bijimin nan, maigidan bai sake sayen dabbar da aka yi wa allura ba. Sai ya shafa cinya, ya shafa wuya, in ya ji kumburi ya juya. 'Ya'yansa ma haka ya koya musu. In na ce to ka je ku shirya mana, sai ya ce, ai gaskiya Muntaka ya faɗa, amma a gaban yarana ya faɗa."

Malam ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hawaye sun jiƙa gemunsa. Ya ce, "Hatimin kam ko yau ne ba zan buga ba, Indo. Amma da na ja hannunsa mun koma gefe."

Malam Muntaka, mun gode, ko da yake godiyar ta makara, kuma muna jin kunyar hakan. Ka kare cikin 'ya'yanmu daga abin da ba mu gani ba, ka biya da abokin da ba ka da kamarsa, mu muna kallo. Allah ya saka maka da alheri, ya haɗa ku a inda babu gaba. Ku kuma matasan da za a miƙa wa jakar allura, ku riƙe ƙa'ida yadda ya riƙe, ku ga dabba kafin ku zuƙi magani, ku hana abin da ya kamata a hana ko na wane ne. In ranar ta zo muku, kuma za ta zo, ku kira mutum gefe tukuna. Mu da ke tsaye muna kallo kuwa, kada mu sake barin irinsa ya yi shekaru yana sallama shi kaɗai.