Sujadar Godiyar Kaka Mai Awa Tara

Ni mace ce mai gajen haƙuri, duk layinmu a Hammadu Kafi an shaide ni. Saƙon murya in ya cika tsawo sai na ƙara masa gudu nake iya saurara. To ni ɗin nan ce na zauna na kalli bidiyo mai awa tara tun daga farko har ƙarshe, bidiyon coci kuma, ina musulma.

Maƙwabciyata ce ta ja mini. Dattijuwa ce 'yar Tangale, katanga ɗaya ta raba mu, Mama nake ce mata. Ita ta riƙa dafa mini ruwan wanka a jegona na fari, lokacin mahaifiyata tana nesa. Mijinta, Baba, ya rasu da damina bayan 'yar gajeriyar jinya. A zaman makoki wata 'yar garinsu ta ce mata an sa bidiyon bikin godiyar kaka na cocinsu na gida a intanet, kuma ta ga Baba a ciki. A daidai ina? Wai ta manta.

Hotunan Baba suna nan a bango, amma duk a tsaye yake ƙiƙam kamar an hana shi numfashi. Tafiyarsa Mama take so ta sake gani. Ga yanar ido ta kama ta, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ma kullum ƙara dushewa yake. Shi ya sa da ta shigo mini da maganar ban ce sai gobe ba, na ɗauko kwamfutata muka nemo bidiyon.

Da na ga tsawonsa sai da na yi salati. Mai ɗaukar ya kafa kyamara ne tun safe, bai yanke ko tari ba, ya kwaso ya zuba wa duniya.

Na ce, "Mama, abu mai sauƙi. Zan riƙa jan shi gaba, in mun hango Baba sai mu tsaya."

Ina ja, fasto ya yi tsalle daga tsakiyar addu'a ya faɗa cikin sanarwa. Caraf Mama ta riƙe mini hannu.

"Malama, me kika yi? Mutum yana addu'a kika katse shi?"

"Hoto ne fa, Mama. Tun bara aka tashi."

"Ke in limaminku yana karatu, kya ce masa ya tsallake?"

Na saki kwamfutar. Ta gyara zama ta ce, "Ranar ina bayan coci wajen girki da matan zumunta, ban sami sujadar ba. Yanzu Allah ya kawo mini ita har gida, sai in shiga ta taga? Mayar da shi farko."

Haka muka ƙulla. Tsayarwa ta yarda da ita, wai hutu ne, amma tsallakewa raini ne. Kullum in na dawo daga makarantar da nake koyarwa na yi la'asar, sai ga ta da ɗankwalinta na zuwa coci. Ta ja kujera har hancinta ya kusa taɓa gilashin. In jama'a sun miƙe ta miƙe, in sun ce amin ta ce amin. Ana kiran magariba ita da kanta za ta ce, "Tsayar da su, je ki yi salla."

Ranakun farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Mun kalli dammunan dawa suna shiga, da buhunan gyaɗa da wake, da wata akuya da ta ƙi zuwa gaban bagade, inda ake ajiye kayan godiya, sai da aka ɗauke ta cak. Wani dattijo ya yi sanarwar da na tabbata shi kansa ya manta inda ya faro. Akwai inda aka ture kyamarar, muka daɗe muna kallon bango da rabin fanka, Mama ta ce ai ana jin wa'azi. Sannu a hankali waƙoƙin suka shiga kaina, har maigidana ya ji ina rera ɗaya a kicin ya ce saura in ɗinka ankon zumunta.

Sai dai jan layin nan da ke ƙasan bidiyo yana ta cika, Baba shiru. Duk farar hular da ta gifta Mama sai ta ce, "Duba mini, shi ne?" in ce ba shi ba ne. Tsoro ya kama ni. Na riƙa jin haushin matar nan da ta ɗora wa tsohuwa rai a kan abin da ba ta tabbatar ba. In Mama ta tafi gida nakan zauna ina kallon kwamfutar, in kasa leƙa gaba, don ban san da wane baki zan gaya mata ba in babu shi.

Ranar ƙarshe fasto ya sa albarka, jama'a suka watse wajen abinci. Da alama mai kyamarar ma can ya nufa, ya bar ta a kunne tana kallon bencinan cocin. Mama ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Shi ke nan, Allah bai nufa ba. Na dai sami sujada." Ta dafa gwiwa za ta tashi.

Sai ga shi ya shigo ta ƙofar gefe, yana ɗan jan ƙafar hagu yadda ya saba, riƙe da jakar hannu ta mata. Na ƙwala mata kira, "Mama, ga Baba!"

Ta manna fuskarta a gilashin. Ya ratsa tsakanin bencinan a hankali, ya zauna, ya ɗora jakar a cinya ya rungume ta da hannu biyu. Ya dubi ƙofa, ya dubi agogo, ya sake duban ƙofa. Can ya fara kaɗa ƙafa, bakinsa yana motsi, waƙa yake yi shi kaɗai.

"Jakata ce," in ji Mama. "Ni yake jira. Kullum haka, ina can ina hira, in na fito ya yi ta mita har gida. Ashe waƙa yake yi."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "In tsayar miki da shi ki gan shi sosai?"

"A'a, bar shi."

Ta yi masa magana da yarensu, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sannan ta goge idonta mai gani da bakin zane, ta ce da Hausa, a hankali, "Ƙara haƙuri, maigida. Na kusa gamawa, ina tafe."

Yana nan zaune da jakar, yana duban ƙofa, bidiyon ya ƙare.