Awon Ƙugu a Ofishin Haraji

Mai Almakashi, haka kowa ke kiransa a layin, tela ne wanda hannunsa ya fi bakinsa cika alkawari. In ya yanka maka riga sai ka rantse da ita aka haife ka, amma in ya ce maka "jibi", to ka nemi kujera. A shagon kawunsa ya tashi, ya gaji keken ɗinki da teburin yanka, ya gaji har da jan ƙafar. Abin da ke riƙe da shagon shi ne kwangilar kayan 'yan makaranta, kuma makarantar ba ta sabunta wa kowa sai ya nuna ya shigar da harajinsa a kan lokaci.

Bai taɓa sanin zafin wannan ba, don matarsa ce ke yi. Rasit ɗin zare, na maɓalli, na wuta da na haya, duk tana tara su a gwangwanin biskit. Bana 'yarsu ta haihu a nesa, uwar ta tafi wajenta, ta bar masa gwangwanin da dogon gargaɗi. Gogan naku ya ga takardu masu farin baya kusa da hannu, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk wanda ya kawo yadi sai ya zari rasit, ya rubuta suna da awo a baya, ya maƙala da allura.

Ranar ƙarshe ta shigar da haraji, da hantsi, matar ta bugo waya. "Baban yara, ka kai takardun nan? Yau fa ake rufewa."

Ya buɗe gwangwanin. Wayam. Ya ɗaga kai ya dubi tulin yadudduka har rufi, kowanne da 'yar takardarsa tana reto. In ya cire, ba zai ƙara sanin na wa ne na wa ba. In ya bari, kwangila ta tafi, shago ya bi ta.

Yana cikin wannan zufa sai ga wata tsohuwar nas da ake kira Sista, ta shigo da faɗanta a baki. Ta kawo ɗinki tun jikarta na rarrafe, ga yarinya yanzu tana gudu.

"Yau ko rigata ko yadina!" in ji ta.

"Yaya, ki yanka ni ma ban hana ba," ya ce, ya zayyana mata komai.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai Allah ya shirya. Ina allin yankanka? Karanto, ni in rubuta a bayan yadi."

Haka suka yi, yana cirewa yana karantawa, tana rubutawa tana masa tas. Wani direba da ya zo bin wandonsa ya sami kansa yana jera rasit wata-wata a kan teburin guga. Abin dariyar ma, nawar da ake zaginsa a kanta ita ta cece shi: da mai sauri ne, da tuni takardun sun bi riguna sun watse cikin gari.

Direban ya kai su ofishin haraji a motarsa. Layi ya kai bakin ƙofa, don ashe masu jan ƙafa ba tela kaɗai ba ne. Sista ta tsaya masa a layi da ciwon gwiwarta, shi kuma ya durƙusa a kan benci yana cike takarda. Ana shirin jawo ƙofa suka isa gaban ma'aikacin da ke karɓar takardu.

Ma'aikacin ya ɗauki rasit ɗaya mai hudar allura, ya juya shi, ya karanta da ƙarfi: "Sista. Kafaɗa, hannu, ƙugu..."

"Ɗana, duba gaba," ta katse shi. "Bayan nan ba na gwamnati ba ne."

Har na ƙarshen layi sai da suka dara. Ma'aikacin ya goge hawayen dariya, ya duba abin dubawa, ya buga hatimi.

A waje Mai Almakashi ya tsaya riƙe da takardar shaidar harajin da hannu biyu. Mutanen da ya fi ɓata wa rai su ne suka ba shi yininsu, ba don ya cancanta ba, kuma ya san haka. Kunya da godiya suka cika masa ciki, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Shagona kika dawo mini da shi."

Sista ta dafa ƙofar mota tana murza gwiwa. "Godiya ba a sa ta a jiki, ƙanena. Shiga mu tafi. A shagon zan zauna, ina kallonka, har ka ɗinka rigata ka sa mata maɓalli."