Kwanon Ruwan Lakhdar

Baba Nata'ala tsohon direban bas ne a unguwar Thamesmead can ƙasar Turawa, bai taɓa taka Aljeriya ba. A bakin maƙwabcinsa Lakhdar, wani dattijo ɗan Tamanrasset, ya san ta: dabino, baƙaƙen duwatsu, da rijiyoyin da rairayi ya binne.

Kullum Lakhdar kan ajiye kwanon ruwa a taga saboda wansa, wanda ƙishirwa ta kashe a hamada. Da ajalin Lakhdar ya matso, ya riƙe hannun Baba ya ce, "Kada ka bar shi da ƙishi."

Baba ya riƙe amana. Kowace safiya yakan tarar da kwanon a bushe, da jan rairayi a gindinsa, alhali a hawa na tara yake, tagar kuma a rufe.

Bara 'yarsa Teema ta zo ɗaukarsa. "Baba, na gyara maka ɗaki a Dagenham. Ka rabu da kwanon nan, don Allah."

Baba ya dubi tagar ya ce, "Uwata, nan kaɗai wan Lakhdar ya sani. Idan ya zo bai samu ba fa?"

Har yau yana can, yana cika kwanon.