Baba Markus, Mai Inabin Dabai

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Dabai a ƙasar Zuru, Baba Markus ya riga ya shiga lambunsa, yana bin rumfunan inabi yana shafa ganye kamar mai gaida jikoki. Haka yake tun ranar da ya ajiye kakin soja, ya dawo gida da 'yan rassan inabi ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma. Dariya aka yi masa a lokacin. Ƙasar dawa ce wannan, wa ya taɓa ganin inabi a Zuru? Amma shekara da shekaru ke nan, daga lambun nan ake samun ruwan inabin da cocinsu ke sha a Jibin Ubangiji.

Takin zamani bai taɓa shiga wurin ba, balle maganin feshi. Da kaka Hamma makiyayi yakan kawo shanunsa su kwana a gefen lambun. Baba ya cusa kashinsu cikin ƙaho ya binne, in ya ruɓe ya dama da ruwa ya yayyafa. Ba ya datse reshe sai wata ya fara raguwa. A randar ƙasa yake matse 'ya'yan ya rufe, ba ya ƙara musu komai. Hamma ba ya kusantar randar saboda addininsa, amma nonon inabin da ya fara nuna nasa ne, ba a taɓa mantawa ba.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Baba, mazan coci suka yi masa gayya. Manoman dawa ne masu zuciya, sai suka nome ƙasa tas, har da waken da yake bari ya rufe saiwa. Rassan kuwa, da ya kamata a datse har itacen ya koma tsirara, hannun kowa ya ƙi.

"Wa zai sare abu kore shar?" in ji Dominic, shugaban gayyar.

Ganye ya yi yabanya, 'ya'ya ko ɗaya babu. Da bikin Ista aka zuba lemon kwalba a ƙoƙon Jibi. Baba ya sha, ya gode wa kowa. 'Yarsa Saloma ce ta ga hawayensa a hanyar gida.

Ranar ya gane in ba wanda ya koyi datsa, lambun zai bi shi kabari. Ga ido ya fara hazo. Sai ya damƙa wa Saloma almakashi, shi yana laluben reshe da yatsa.

"Yanke nan."

"Baba, ai sai ya mutu."

"Tausayi ke kashe shi, ɗiyata. Yanke."

Baba Markus, kai ne ka nuna mana ƙasa ba ta son gaggawa. Kai ne ka sa makiyayi da manomi suka ci arzikin lambu ɗaya ba a ji kansu ba. Muna kewar zamanin da muke hango hularka cikin ganye kana datsa da hannunka, mun kuma gode. Mai sana'a a hannu, ya yi koyi da kai, ya miƙa ta tun yana iya riƙe hannun mai karɓa.

Bana Saloma ce ta datse, ita ta matse. Da ƙoƙon ya zo kan Baba a coci, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sai a bakin ƙofa ya ja hannunta.

"Ya ɗan yi tsami," ya ce. "Amma na lambunmu ne."