Mai Fensir da Shafin da Aka Goge

A ofishin lauyoyin nan na saman bene, ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Mai Fensir ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana tsaron ɗakin littattafai. Ƙura ta cinye masa ƙirji, kujerar da aka ba shi ranar farko kuwa ita ce har ranar ƙarshe.

Bai yi karatun lauya ba, amma idonsa ya yi. Akwai manyan littattafan sharhi, inda masana suka warware doka, suka jero hukuncin da aka taɓa yankewa a ƙarƙashin kowane sashe. To, littafi bai san abin da ya faru bayan an buga shi ba. Duk ranar da kotun sama ta soke wani hukunci, sai ya fiƙe fensir ya rubuta a gefen shafi: "Wannan ya mutu, kada a ɗauka." Lauyoyi su kwashe, su je kotu suna hura hanci. Ko sannu babu.

Da maigidan ofishin ya rasu, ɗansa ya hau kujera, ga digiri ga ƙamshin turare. Ya buɗe littafi ɗaya ya yatsine fuska.

"Baba, wa ya ce ka mai da littattafan mahaifina na 'yan firamare?"

"Ranka ya daɗe, sharhi hanya kawai yake nunawa. Sai an bi sawun hukuncin a ga ko yana da rai."

"Ni za ka koya wa doka? Goge rubuce-rubucen nan kafin Litinin."

Kwana huɗu yana gogewa, yana tari.

Ba a yi wata uku ba, wata tela ta kawo ƙarar masu son ƙwace mata shago. Ɗan maigida ya ɗauko hukunci daga shafi fes, ya je ya karanto wa alƙali da murya mai daɗi. Ashe gawa ya ɗauko, an soke hukuncin tun shekara tara da suka wuce. Tela ta rasa shagonta.

Ya dawo yana huci. "Kana zaune a nan, ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Shafi na ɗari biyu da sha huɗu. Ka ce in goge."

A ranar aka sallame shi, wai tsufa ya taɓa masa kai. Da zai sauka, mai gadi ya laluba aljihunsa, ya karɓe guntun fensirin. Wai kayan ofis ne.