Goggo Tsoho, Mai Sunan Kakanta

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, ina zaune a ofis ƙanina ya kira ni ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Goggo Tsoho ta cika." Kin rasu kina da shekara saba'in da uku, a kan gadonki, bayan jinyar kwana tara, mijinki na zaune a gefenki yana laƙƙana miki kalmar shahada.

Ke yayar mahaifina ce, kuma takwarata. Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin mace da ake kira Tsoho, don haka bari in faɗi dalili kamar yadda kika faɗa mini. Kakanki yana kwance cikin ciwon ajali lokacin da mahaifiyarki ke ɗauke da cikinki, cikin fari. Mahaifinki ya riƙe hannun tsohon ya ce abin da aka haifa zai ci sunansa. Tsohon ya rasu, bayan wata guda kika zo duniya, mace. Dangi suka ce a jira namiji. Mahaifinki ya ce shi bai yi wa ubansa alkawarin namiji ba, abin da aka haifa ya ce, kuma alkawari kaya ne. Malamin unguwa ya ce ma'anar sunan mai kyau ce, bai ga laifi a ciki ba, sai dai bai taɓa jin an sa wa mace ba. Aka raɗa miki. Mahaifiyarki ba ta iya faɗin sunan surukinta, sai ta riƙa cewa Tsoho, gida duka ya ɗauka. Da aka haifi mahaifina bayan shekara biyu, aka sake tayar da maganar, wai ga namiji ya samu, a mayar masa. Amsar mahaifinki ɗaya ce: sunan yana da mai shi.

A wurinsa kika koyi gyaran keken ɗinki, kuma da ƙarfinsa ya ƙare kika gaji shagon, wancan ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakalar bene a layin teloli. Har yanzu ina jin warin mai da ƙarfe na wurin. Ina ganin kawunan kekuna jere a kan katako, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi da allurai, tsofaffin bel rataye a ƙusa, da tabaraunki da kika ɗaure ƙafarsa da baƙin zare. Da kunne kike gane ciwon keke. A taka miki sau uku, ki ce, "Tsaya, na ji," ki buɗe daidai wurin.

Sunanki na yanka aka rubuta a allon shagon. Baƙo yakan shigo da keke a kafaɗa, ya gaishe ki, ya leƙa bayanki yana tambayar ina maigidan. Sai ki ce, "Sauke kayanka, yana jin ka." Wasu su yi dariya su zauna. Wasu su juya da kekensu, su dawo bayan mako guda an ƙara lalata musu shi a wani wuri, ki karɓa ba tare da gori ba. Mijinki, wanda muke kira Baba Direba, yana da nasa labarin. Ranar da ya faɗa wa mahaifiyarsa sunan wadda yake son aura, cewa ta yi, "To, na ji sunan abokin naka. Ita yarinyar fa?"

Alherinki ba mai ƙara ba ne. Idan mace ta kawo keke kika ga abin da ya same shi ƙarami ne, ba kya gyarawa. Zaunar da ita kike yi, ki damƙa mata sukundireba, ki nuna mata har ta gyara da hannunta. Mahaifina ya taɓa ce miki wannan ai korar abinci ne. Kika ce wanda Allah ya rubuta miki ba zai shige ki ba. Akwai wata tsohuwar tela da ƙafa ta hana fita. Shekara shida kina zuwa gidanta duk farkon wata ki share mata keke ki sa mai, mu ba mu sani ba sai da 'yarta ta faɗa a wurin zaman makokinki.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya faru tsakaninmu. Mahaifina ya sa mini sunanki don ƙaunar da yake miki, ni kuwa na tashi ina ƙinsa. Ina shekara sha biyar aka liƙa jerin masu jarabawa, aka sa ni a ajin maza. Makaranta duka ta yi ta dariya, har wani malami ya tambaye ni yaushe zan fara aske gemu. Na ce sai na canza sunan kafin a rufe rajista. Mahaifina ya yi fushin da ban taɓa gani ba, ya ce in na yi haka na ci mutuncin yayarsa. Kwana uku ba mu yi magana ba.

Ke kika aiko a kira ni. Na zo ina jiran faɗa, na same ki kina wanke hannu da kananzir. Kika ce, "Takwara, mahaifina ya yi alkawari, ni na ɗauka. Ke ba wanda ya yi alkawari a kanki. In ya yi miki nauyi, sauke shi, ubanki ki bar ni da shi." Kika rufe shago da rana tsaka, abin da ba kya yi, kika raka ni ofishin da ake canza suna, kika karɓi takardar da kanki kika miƙo mini biro.

Na daɗe ina kallon layin da zan rubuta sabon suna. Na tambaye ki ko ke bai taɓa damunki ba. Kika ce, "Ya dame ni mana. Na yi kukan da ya fi naki. Sai na lura duk wanda ya ji shi sau ɗaya ba ya manta ni, sai na ce to bari in yi abin da za a tuna da alheri." Na ninke takardar na sa a jaka, muka fito. Ba ki yabe ni ba, ba ki kuma ƙara tayar da zancen ba. Yau shekara ashirin da bakwai ke nan da wannan rana, ina nan ina amsa sunan, kuma na sani da a ranar kin matsa mini in riƙe shi, da na sa hannu na canza.

Ƙanina ya ce a wurin jana'iza, da aka faɗi sunanki, limamin da ba ɗan unguwar ba ne ya waiwayo ya tambaya, mace ce ko namiji, don ya san yadda zai yi addu'a. Baba Direba ya ce, "Mace ce, Malam. Shekara arba'in da takwas ina shaida." Har cikin hawaye sai da mutane suka murmusa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Direba, da 'ya'yanki huɗu da jikoki, da mahaifina wanda ya rasa yaya kuma uwa, da telolin layinku da suka rufe shaguna suka raka ki. Allah Ya ba mu haƙuri da dangana. Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya haɗa ki da iyayenki da kakan da ba ku taɓa ganin juna ba. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Mutane sun sha ruɗewa da sunanki a duniya. Wanda Ya kira ki ranar Laraba bai ruɗe ba, Ya san baiwarsa. Amin.