Saƙon da Ya Tsaya a Gaisuwa

Shekarar da na dawo Gumel daga karatu, aikin farko da na samu a wata ƙaramar ƙungiya ne mai yi wa dabbobi allurar rigakafi. Ofishin ɗaki biyu ne a bayan kasuwar hatsi. Ni kaɗai ce na karanta kwamfuta, don haka shugabar ofis ta ce in rubuta manhajar da za ta riƙa tura wa makiyaya saƙon waya: rana kaza, a wuri kaza, a kawo dabbobi.

Na rubuta aji guda. A wannan sana'a, aji shi ne zubin da ake fitar da wani ɓangare mai aiki a cikin manhaja. Nawa aikinsa ɗaya ne: ka ba shi lamba da saƙo, ya tura.

Ba a jima ba buƙatu suka fara shigowa. Ma'aikacinmu na Gagarawa ya ce ƙananan wayoyin mutanensa ba sa nuna haruffa masu lanƙwasa, sai wasu akwatuna. Na Maigatari ya ce wayoyin can kan kama sabis ɗin Nijar, saƙo ya ƙi shiga, a riƙa sake gwadawa. Na Sule Tankarkar ya ce saƙon da ba sallama ba wanda zai kula shi. Shugaba kuma ta ce in saƙo ya yi tsawo a datse shi, kada ya wuce tsawon saƙo guda.

Kowace buƙata sai in yi mata sabon aji mai gadon na farko, wato ya ɗauki aikin na farko ya ƙara nasa a kai. Daga baya Maigatari suka nemi sallama su ma, Gagarawa suka nemi sake gwadawa, sai na koma yin aji na wannan haɗe da wancan. Na wayi gari ina da azuzuwa barkatai, in na gyara ɗaya sai na manta 'yan'uwansa.

Wata rana bayan azahar na kira malamar da ta koyar da mu a Kano, na zayyana mata halin da nake ciki.

Ta ce, "Ke, bar gadon nan haka. Mai turawa ya zauna yadda yake, kada ki sake taɓa shi. Kowace buƙata ki yi mata ɗan aji nata da zai naɗe mai turawa. Shi ma lamba da saƙo zai karɓa, ya yi ɗan aikinsa, ya miƙa wa na cikinsa."

Na ce, "Malama, in garin yana son abu uku fa?"

"Ki naɗa uku, wani kan wani. Tunda duk fuskarsu ɗaya ce, sauran manhajar ba za ta san bambanci ba. Wannan dabarar ita ake kira dekoreta. Na koya muku, kin manta ne."

Kwana uku na yi ina rushewa ina sake gini. Aka tashi da mai turawa ɗaya da naɗi huɗu, kowane gari in jera masa waɗanda yake so. Abin ya yi mini sauƙi har na fara sakaci. Da ma'aikacin Sule Tankarkar ya ce arɗoɗi da masu unguwanni sun cancanci gaisuwa ta musamman, cikin 'yan mintuna na rubuta naɗi na biyar, na ɗora a kan na sallama, na tura ban gwada ba.

Washegari da hantsi wani dattijo ya sauka daga babur a ƙofar ofis. Arɗon wata ruga ne kusa da Ɗanzomo. Muka gaisa, na kawo masa ruwa, sannan ya zaro waya daga aljihun gaba.

Ya ce, "'Yata, an ce ke ce mai aiko mana da wasiƙa. Mai cajin waya ya karanta mini. Gaisuwa ta iso, ina amsawa. To ranar me?"

Na karɓa na duba. Sallama ce, da ranka ya daɗe, da tambayar iyali da dabbobi, da fatan alheri, sannan: "Ana sanar da kai cewa ranar". Nan ya tsaya. Gaisuwa biyu sun cinye wurin, mai datsewa kuma ya yi abin da aka sa shi.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kuskurena ne. Talata ce, a bakin rijiyar makiyaya. Zan cire gaisuwar."

Ya ce, "A'a, kada ki cire. Tun da aka fara aiko mana da irin wannan, ba a taɓa tambayar lafiyar shanuna ba sai jiya. Ki dai riƙa ƙarasa magana."

Shugaba na tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ta ce to dattawa a tura musu saƙo biyu. Arɗon yana zaune yana shan ruwa na cire mai datsewa daga jerinsu, na rubuta mai raba saƙo gida biyu na sa a gurbinsa. Na fara gwadawa a wayata, sannan na tura wa dattawan duka. Tasa ta yi ƙara sau biyu a hannunsa.

Ranar Talata na bi ma'aikatan zuwa rijiyar, ni ce mai riƙe da kular magani. Shanu sun cika wurin. Arɗon ya hango ni, ya yafito ni da sanda, ya ce maƙwabcinsa rabin saƙo na biyu ya riga na farko shiga wayarsa, sai da ya karanta daga ƙasa zuwa sama. Na rubuta wannan a bayan hannuna da biro, na ce zan duba in mun koma.